IGIYAR BAKIN ƊAMARA: ME TAKE NUFI GA 'YA'YANMU?

Wata ranar Laraba, ana tsakiyar hada-hadar kasuwar Nima, wata baiwar Allah ta ratso cunkoson motoci da 'yan dako ta same mu a makarantar da muke koyarwa. Hannunta ɗaya riƙe da wata farar ɗamara ta ƙyalle mai kauri, ɗaya hannun kuma tana janye da ɗanta, wanda yake ajinmu. Idanun yaron sun yi jajur saboda kuka. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malam, don Allah ku raba ni da yaron nan. Tun jiya ya ƙi cin abinci. Ɗamararsa na ga ta yi dauɗa na wanke masa, na tarar da filasta guda biyu naɗe a bakinta na ɓamɓare na yar, na ɗauka yagewa ta yi ya liƙe. Iyakar laifina ke nan."

Muka ce wa yaron ya yi bayani. Ya ce wata bakwai ke nan yayansa yana kai shi wajen koyon wata irin kokawa da ake kira jiyu-jitsu, kuma filastan nan malaminsu ne ya naɗa masa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban sauran ɗalibai ana tafa masa. A wurin uwar shara ce ta zubar. A wurin ɗan kuwa, gumin wata bakwai ne ya bi ruwan wanki.

Mun lallashi yaron, mun kuma ba Hajiya haƙuri. Amma abin ya tsaya mana a rai, domin kuwa mun lura iyaye da yawa a Nima da Maamobi da Kanda da New Town suna biyan kuɗi 'ya'yansu su koyi judo ko jiyu-jitsu, ba tare da sun san ma'anar alamomin da yaran ke dawowa da su gida ba. Wanda bai san abu ba kuwa, ko ya raina shi, ko a cuce shi da shi. Wannan ne dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani a wannan wata.

IGIYA BA BAƘUWARMU BA CE

Da farko sai mu raba ɗamara da ɗamara. Mu mutanen Ankara, babban birnin Ghana, idan aka ce ɗamara hankalinmu Bukom yake tafiya, wajen 'yan damben Turawa. Muna tuna D.K. Poison wanda ya ciyo wa ƙasar nan kambun duniya na farko a 1975, da Azumah Nelson wanda ya ciyo nasa a 1984. Irin wannan ɗamara ta zakara ce. Mutum ɗaya ke riƙe da ita, kuma ranar da wani ya buge shi ya rabu da ita ke nan. Ɗamarar judo da jiyu-jitsu kuwa ta ɗalibi ce, tana nuna ajin da ya kai a karatu. Mutum dubu suna iya ɗaura iri ɗaya, kuma don an kayar da mutum a wasa ba a karɓe masa tasa.

To, tsakanin wannan ɗamara da mai bi mata akwai tazara mai tsawo, wani lokaci shekara biyu ko fiye. A cikin wannan tazara ne ake sa 'yan ƙananan alamomi a bakin ɗamarar. Mu a nan igiya za mu kira su, domin sunan da kakanninmu suka san irin wannan alama da shi ke nan. Tun zamanin da Kyaftin Glover ya zo da dakarun Hausawa daga Legas a 1873, har zuwa sojojin Gold Coast da suka yi yaƙi a ƙasar Burma lokacin yaƙin duniya na biyu, gidajen Zango da yawa sun ga kaki. Kowane yaro ya san mai igiya ɗaya shi ne las kofur, mai igiya biyu kofur, mai igiya uku saje, ya kuma san igiya daban, anini na hafsa daban. Rigar ba ta sake ba, amma hannun rigar ya nuna an ci gaba. Haka abin yake a bakin ɗamarar yaronmu.

MALAMIN MAKARANTA NE YA ƘAGO TA

Wanda ya fara kawo wannan tsari na daraja a cikin kokawa wani mutumin Japan ne mai suna Jigoro Kano, wanda aka haifa a 1860 ya rasu a 1938. Sunansa ya yi kama da na birnin Dabo, amma ba su haɗa komi ba. Abin da ya fi faranta mana rai game da shi, mu da muka fito daga kwalejin horon malamai, shi ne ɗan'uwanmu ne a sana'a. Ya shugabanci babbar kwalejin horon malamai ta Tokiyo fiye da shekara ashirin.

A 1882 ya buɗe makarantarsa ta kokawa mai suna Kodokan, inda ya tace tsoffin dabarun faɗa na ƙasarsu, ya cire masu haɗari daga wasan yau da kullum, ya kira abin da ya rage judo. Kafin zamaninsa, malaman faɗa takardar shaida suke ba ɗalibi, kuma tsakanin takarda da takarda sai a share shekaru masu yawa. Da yake Kano ya san halin ɗalibai, sai ya aro tsarin matakai daga wani wasan dara na mutanen Japan mai suna go. A 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin farko na ƙwararru. Bayan 'yan shekaru kuma manyan ɗalibansa suka fara ɗaura baƙar ɗamara domin a bambanta su da sababbin shiga masu fara.

Daga nan tsarin ya rabu gida biyu. Matakan masu koyo ana kiransu kyu, kuma ƙirgarsu daga sama take saukowa, wato mai kyu na shida shi ne sabon shiga, mai kyu na ɗaya shi ne ya kusa ƙwarewa. Matakan masu baƙar ɗamara kuma ana kiransu dan, suna hawa daga ɗaya zuwa goma. Mai dan na shida zuwa na takwas yana da iznin ɗaura ɗamara mai ja da fari, mai na tara da na goma kuwa ja zalla. Abin lura a nan, sunan da suke kiran dan na ɗaya da shi, wato shodan, ma'anarsa matakin farko. Ke nan a wurinsu ranar da mutum ya sami baƙar ɗamara ranar ce karatu na sosai ya soma.

YADDA JUDO TA CIKE TAZARA

Da judo ta ƙetara zuwa Turai, sai malamai suka ga ɗalibansu ba su da juriyar zama da farar ɗamara shekara da shekaru ba tare da sun ga wani canji ba. Saboda haka aka shigo da launuka. Wani malami ɗan Japan mai suna Mikinosuke Kawaishi, wanda ya zauna a Faris tun daga shekarun 1930, shi ne ya fi kowa yaɗa wannan tsari. Jerin da aka fi sani a ƙasashe da yawa shi ne fari, rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, sa'an nan baƙi.

Ko da launukan nan ma, an ga tazarar ta yi wa yara yawa, don haka kowace ƙasa ta nemi dabara. A Ingila hukumar judo ta ƙasar tana da matakai 18 na yara da ake kira mon. Kowane launi yana da mataki uku, kuma ana nuna su da ɗan guntun ƙyalle ɗaya, ko biyu, ko uku da ake ɗinkawa a bakin ɗamara. A Faransa kuwa sai suka yi ɗamara mai launi biyu, misali rabi fari rabi rawaya, ko rabi rawaya rabi ruwan lemo, domin a nuna yaro ya baro wancan aji amma bai gama shiga wannan ba. A yawancin wuraren koyon judo sai an yi 'yar jarrabawa kafin a hau kowane mataki. Yaro zai nuna ya iya faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba, ya nuna kaye iri kaza da danniya iri kaza, ya kuma san sunayensu.

Kada masu karatu su ɗauka wannan wasa ne na nesa da mu. Judo ta shiga wasannin Olamfik tun 1964 a Tokiyo, kuma Ghana tana da ƙungiyar judo ta ƙasa. Emmanuel Nartey ya wakilce mu a Landan a 2012, Szandra Szogedi ta wakilce mu a Riyo a 2016, Kwadjo Anani kuma a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021. Har ila yau judo tana cikin wasannin Afirka da aka gudanar a nan Ankara a watan Maris na 2024. Dukansu da farar ɗamara suka fara.

IGIYA HUƊU TA JIYU-JITSU

Inda igiya ta fi yin suna shi ne a jiyu-jitsu ta Barazil, wadda ita ce yaron da muka ambata yake koyo. Ita ma jikar judo ce. Wani ɗalibin Kodokan mai suna Mitsuyo Maeda ya isa Barazil a 1914, ya koyar da mutane, cikinsu har da Carlos Gracie. Carlos da ƙannensa, musamman Helio, suka mai da hankali ga kokawar ƙasa, wato abin da ake yi bayan an faɗi: danniya, da murɗe gaɓa, da shaƙa, har abokin karawa ya bubbuga hannu alamar ya sallama. Duniya ta farga da wannan wasa a 1993, lokacin da Royce Gracie, ɗan Helio, ya ci gasar UFC ta farko a Amurka, ya kayar da ƙarti waɗanda suka fi shi jiki.

Ɗamarar manya a wannan wasa biyar ce kacal: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, da baƙa. Yawancin mutane sukan kai shekara goma kafin su sami baƙa. Dokar hukumar IBJJF, wadda ta fi kowace girma a wannan wasa, ta ce ba a ba yaro shuɗiyar ɗamara sai ya kai shekara 16. Ta kuma ajiye mafi ƙarancin lokacin da mutum zai yi a kowace: shekara biyu a shuɗiya, shekara ɗaya da rabi a shunayya, shekara ɗaya a ruwan ƙasa, sai dai an ɗaga ƙafa ga wasu zakarun duniya. Yara 'yan shekara 4 zuwa 15 kuwa suna da nasu launukan dabam: bayan fara sai ruwan toka, rawaya, ruwan lemo, da kore.

Idan aka duba ɗamarar ɗan jiyu-jitsu, za a ga wani baƙin ƙyalle mai tsawon kamar santimita 10 an ɗinke shi kusa da baki ɗaya. Wannan shi ne allon da malami ke rubutu a kai. A kansa ake naɗa igiya, yawanci da farin filasta irin wanda 'yan wasa ke ɗaure yatsu da shi. Ana farawa da ɗamara babu komi, sai igiya ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bayan ta huɗu abin da ake jira shi ne sabuwar ɗamara. Ranar da aka ɗaura wa ɗalibi sabuwa, baƙin ƙyallenta wayam yake, ƙirga ta koma farko, kamar dai yaron da ya yi na ɗaya a aji shida na firamare ya wayi gari shi ne ƙarami a aji ɗaya na JHS.

Igiyar baƙar ɗamara kuwa hukuncinta dabam ne. Ƙyallenta ja ne, kuma shekaru ne ke kawo ta, muddin mutum yana nan cikin wasan yana yi ko yana koyarwa. Uku na farko shekara uku-uku ne tsakaninsu, uku na biye shekara biyar-biyar. Ke nan mai igiya shida ya yi aƙalla shekara 24 da baƙar ɗamara. Bayan wasu shekara bakwai a ba shi mai ja da baƙi, bayan wasu bakwai mai ja da fari, bayan wasu goma kuma ja zalla. Jimla shekara 48 ke nan. Wannan lissafi yana da amfani ga iyaye. Idan saurayi ɗan shekara talatin ya zo unguwa yana cewa shi mai igiya biyar ne a baƙar ɗamarar jiyu-jitsu, ba sai an yi masa musu ba, a ɗauki alli a yi masa lissafi kawai.

ME MALAMI YAKE DUBAWA?

A nan ne ya kamata a natsu. Igiyar da ke ƙasa da baƙar ɗamara, malami ne kaɗai ke da ikon ba da ita, kuma kowane malami da nasa ma'auni. Wani yana ƙirga yawan zuwa, yana da kati kamar rajistar da muke kira kowace safiya. Wani yana yin jarrabawa. Wani kallo kawai yake yi, ranar da ya gamsu sai ya kira ɗalibi gaba ba zato ba tsammani. Wani ma ba ya ba da igiya sam, daga ɗamara sai ɗamara. Wani kuma yana iya tsallakar da ɗalibi daga igiya biyu zuwa sabuwar ɗamara in ya ga ya isa. Duk waɗannan hanyoyi ana yinsu, kuma babu wadda ta saɓa wa doka.

Malamin kirki yakan duba abu huɗu. Na ɗaya, naci, wato ko ɗalibi yana zuwa a kai a kai. Na biyu, sani, wato dabarun da ya riƙe kuma yake iya bayyanawa. Na uku, aiki da sanin a lokacin da abokin karawa yake turjewa da gaske, domin iya dabara a kan wanda ya miƙa wuya ba iyawa ba ce. Na huɗu, hali: ko yana sakin abokinsa nan take idan ya sallama, ko yana tausaya wa ƙanana da sababbin shiga, ko yana iya shan kaye ya tashi ya ba da hannu.

Mu malaman makaranta wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun gyaran ilimi na 1987 aka ɗora mana aikin auna yaro a kai a kai cikin shekara, da aikin aji da aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje, maimakon a jira babbar jarrabawar BECE kaɗai. Malaman allo ma sun riga mu sanin wannan hikima. Tsakanin ranar da aka fara rubuta wa yaro da ranar sauka akwai izu sittin, kuma kowace wankin allo tana gaya wa yaro cewa jiya ba yau ba ce. Yaro ba ya iya hango shekara biyu, amma yana iya hango wata uku. Aikin igiya ke nan, ta yanka doguwar tafiya zango-zango yadda ƙaramar ƙafa za ta iya.

Sai dai kuma akwai abin da igiya ba ta nufi. Ba ta nufin mai uku dole ya kayar da mai ɗaya, domin nauyi da shekaru da ƙarfin jiki suna nan. Ba a kuma gwada igiyar wannan makaranta da ta waccan, kamar yadda na ɗaya a wani aji yana iya zama na goma a wani. A wajen gasa ma ba a dubanta ko kaɗan. Da launin ɗamara da shekaru da nauyi ake raba 'yan wasa. Igiya magana ce tsakanin malami da ɗalibinsa, a cikin ɗakinsu take da ƙarfi.

KOKAWARMU TA GADO FA?

Wani dattijo zai ce, mu da muka gaji kokawa kaka da kakanni, yaushe muka taɓa naɗa wa wani filasta? Gaskiya ne. A kokawar Hausa fage ne alƙali. Bayan an yi girbi a share fili, makaɗa su ɗauki kiɗa, wanda ya kayar ya yi kaye, gari duka shaida ne. Darajar ɗan kokawa tana cikin kirarinsa da takensa da sunayen mazan da ya kayar. A Jamhuriyar Nijar, inda aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, jihohi takwas ne kowace ke kawo 'yan kokawa goma, wanda ya rage bai faɗi ba a ba shi takobi. Wannan takobi ɗan'uwan ɗamarar Azumah ne, na zakara ne shi kaɗai.

Amma ko a can akwai matakai, sai dai ba a rubuce suke ba. Yaro yakan fara da riƙe wa manya kaya, ya kara da tsararsa kafin manya su shigo fili, har ranar da ubangidansa zai ce ya isa a haɗa shi da wane. A ƙauye wannan ya wadatar, domin kowa ya san kowa kuma fagen yana ƙofar gida. A Nima kuwa, inda ko filin ƙwallo sai an yi rububi, yaro yana koyon wasansa ne a wani ɗaki nesa da idon iyayensa. Igiyar bakin ɗamara ita ce ɗan saƙon da ke isowa gida daga wancan ɗaki.

INDA GIZO KE SAƘA

Tun da malami ne kaɗai ke ba da igiya, darajarta daidai take da gaskiyar malamin. Filasta dai ana sayar da shi a kowane kantin magani. Akwai mai mayar da igiya hanyar tatsar iyaye, duk bayan 'yan makonni a ce a kawo kuɗin ƙarin girma. Akwai mai rabawa kowa don kada ɗalibai su gudu. Akwai kuma mai danne ɗalibin da ya ƙware a ƙaramar ɗamara, domin ya riƙa ciyo masa lambobi a wajen gasa. Duk ukun cin amana ne, kuma mu ma a aikinmu mun san irinsu, mai ƙara maki don a so shi da mai riƙe sakamako don a biya shi.

Saboda haka muna ba iyaye shawara kamar haka. Kafin ku sa yaro, ku je da ƙafarku ku zauna ku kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Ku tambayi malamin wane ne ya ɗaura masa tasa ɗamarar, a ina, kuma a wace shekara, domin mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. In judo ce, ku tambaya ko yana da rajista da ƙungiyar judo ta ƙasa. Ku nemi a gaya muku tun farko abin da ake dubawa kafin a ba da igiya, da duk kuɗin da za a nema a shekara. A judo an saba biyan kuɗin jarrabawa da na takardar shaida, wannan ba laifi ba ne in an faɗe shi a fili, amma filasta kansa ba abin sayarwa ba ne. Ku lura ko faɗuwa aka fara koya wa yaro kafin kayarwa. In 'ya mace ce, ku tabbata akwai mata a wurin kuma ƙofa a buɗe take ga iyaye.

Game da wanki kuwa, Hajiya ba ta yi laifi ba. Akwai camfin da ke yawo cewa wai in an wanke ɗamara ilimin zai zube, har da tatsuniyar cewa dauɗa ce ke mai da farar ɗamara baƙa. Babu ɗaya da ke da tushe. A zafin Ankara, ɗamarar da ta sha gumi ba a wanke ba gidan makenkero ce da sauran cututtukan fata. A wanke ta tare da rigar. In filasta ya fita a mayar da wani, ko a kai wa tela ya ɗinka farin ƙyalle a gurbinsa da sanin malamin. Abin da ba a yi shi ne yaro ya ƙara wa kansa ko guda.

ABIN DA KE GABANMU

Me ya sa muka tsawaita a kan ɗan guntun filasta? Domin Allah Ya hore wa Zango samari masu ƙarfi, kuma mun ga inda ƙarfi ke kai mutum in babu tarbiyya. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a watan Janairu na 2019, majalisa ta yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa da masu gadin filaye da ƙarfin tuwo. Kowa ya san duk lokacin da aka yi irin wannan magana, sunan Zango ake fara kira, ko da hakki ko babu. Masu neman ƙarti ba sa tambayar yaro abin da ya sani, faɗin ƙirjinsa suke dubawa, su biya shi a yini ɗaya.

Ɗakin kokawa na gaskiya akasin haka yake koyarwa. A can ƙato yakan sallama wa ƙaramin da ya fi shi sani, ya tashi ya gode masa. A can ana jiran wata uku ko shida domin abin da bai kai faɗin yatsa ba, kuma ba a samunsa da tsawa ko da sanayya. Ba kowane yaron Nima ne zai zama Mohammed Kudus a ƙwallo ba, ba kuma kowane mai farar ɗamara ne zai je Olamfik ba. Amma yaron da ya koyi jiran igiya ya koyi jiran sakamakon jarrabawa, da jiran ranar yaye shi a wajen koyon sana'a, da haɗiye fushi a bakin titi. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaron namu dai ya koma wajen malaminsa ranar Asabar, aka mayar masa da igiyarsa biyu ba tare da wata magana ba, domin malamin ya san abin da ya ba shi. Hajiya ma ta raka shi ta zauna ta kalla. Da muka haɗu da ita daga baya a bakin kasuwa ta ce, "Malam, ashe abin karatu ne." Muka ce ƙwarai kuwa, Hajiya.

Muna roƙon iyaye, idan yaro ya shigo gida yana nuna muku sabuwar igiya, ku ajiye abin da kuke yi ku duba, ku tambaye shi abin da ya koya har aka ba shi, ku sa masa albarka. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba malamai ikon riƙe amana. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.